.com ko .ne ga sabon shago a Maraɗi?

Alhaji, ka tambaya wanne ya dace da ƙarshen sunan shafin intanet na shagonka, .com ko .ne. In kana da masu saye daga Katsina da Kano, ɗauki .com, shi kowa ya saba bugawa a waya. Shi .ne na Nijar ne, yana nuna kai ɗan gida ne, amma mutane kan ƙara masa "t" su rubuta .net, saƙon ya tafi wani wuri.

Ka kula sosai da rajistar sunan shafin. A yi ta da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya gina shafin ba. Duk shekara ake biyan kuɗin sabuntawa, in lokaci ya wuce baka biya ba, wani na iya saye sunan.