Hukuncin Koyon Taekwondo da Sunkuyawar da Ake Yi a Cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 12 ya nace sai na sa shi taekwondo. Da na leƙa wurin horon, na ga suna sunkuya wa malaminsu da tuta. Ya halatta in bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya raya miki shi. Wasan na Koriya ne. Bayan ƙasar ta fita daga mulkin Japan a 1945, aka buɗe makarantun faɗa a birnin Seoul, daga baya aka raɗa wa salon nasu suna taekwondo a 1955: "tae" shuri da ƙafa, "kwon" naushi, "do" hanya, wato tarbiyya. A shi ne Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016.

Wasa al'ada ce, asalinta halacci sai dalili ya hana. Wannan kuwa yana gina jiki, yana koya wa yaro haƙuri da kare kai, ga hadisin Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa wurin Allah a kan mai rauni. Ni dai gara in ga yaro yana gumi a fili da ya wuni kan waya.

Abin da idonki ya gani shi ne wurin tsayawa. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Imam Nawawi ya ce makaruhi ne, wasu malamai suka ce haramun. Ga Koriyawa gaisuwa ce, don haka kada a ce yaron ya yi shirka. Amma lanƙwasa baya irin na ruku'u na Allah ne kaɗai. Ki samu malaminsu cikin mutunci, ki ce ɗanki zai miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya yi sallama. Tuta kuwa ba a sunkuya mata.

Sai fuska. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin a nisance ta wajen duka, alhali a gasa shurin kai ya fi na ƙirji maki. Ya riƙa auna rigar kariyar ƙirji ko da zai yi asarar maki.

In an kiyaye wannan, horo bai ci lokacin salla ba, babu cakuɗuwa da 'yan mata a fafatawa, ki bar shi. In malamin ya ƙi, ki nemi wani. Wallahu a'alam.