Tambayi Likita: Na biyo maigida Amurka, an ce sai na sake karatun likita daga farko

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na yi shekara shida ina aikin likita kafin na biyo maigidana Amurka, kuma ina da katin zama na dindindin. Yanzu a gidan kula da tsofaffi nake aiki, wanka da ciyarwa. Wata ta ce min sai na koma makaranta daga farko. Gaskiya ne? Shekarata 34, da yara biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wadda ta gaya miki haka ta haɗa ki da wanda ya zo bai taɓa karatun ba. Shi ne zai yi digiri na shekara 4, ya rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita, ya ƙara wasu 4 a makarantar likita. Ke digirinki yana nan daram.

Ki fara da hukumar ECFMG da ke Filadelfiya, ita ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje. Ki duba ko makarantarku na cikin kundin makarantun likitanci na duniya da suke amfani da shi. Daga nan sai jarrabawar lasisin likita ta Amurka, USMLE, mataki na 1 da na 2, da ta Turancin asibiti, OET. Tun Janairun 2022 mataki na 1 ba shi da maki, ci ne ko faɗuwa, shi ya sa ido ya koma kan makin mataki na 2. Kada ki shiga don gwaji. Faɗuwa ba ta gogewa daga takardarki, duk asibitin da kika nema zai gani.

Amma ni ba jarrabawa ce ta ba ni wuya ba. Na ci duka, na aika takardu a Satumba, Maris ya zo ba asibitin da ya ɗauke ni horon ƙwarewa, wanda suke kira rezidensi. Na yi mako ban iya kallon iyalina ba. Daga baya wani babban likita ya duba takarduna ya ce min, duk waɗanda suka rubuta min wasiƙun shaida ba wanda ya taɓa ganin aikina a Amurka. Sai na shiga bin likitoci a asibiti wata huɗu, ba ko sisi, ina aikin dare don kuɗin haya, har na samu wasiƙun shaida uku daga hannunsu. A shekara ta biyu aka ɗauke ni.

Abin da ke damuna game da ke shi ne lokaci. Asibitoci da yawa suna ƙirga shekarun da mutum ya yi da gama makaranta, kuma naki sun fara yawa. Ki karkata ga fannin cututtukan manya ko likitan iyali, rezidensinsu shekara 3 ne, da albashi, kuma nan baƙi suka fi samun shiga. Katinki ma ya raba ki da wahalar bizar J-1, mai tilasta komawa gida shekara biyu.

Wasu jihohi, irin su Tenesi da ta yi doka a 2023, sun fara buɗe ƙofa ga gogaggun likitocin waje ba tare da maimaita rezidensi ba, sai dai sharuɗɗan sun bambanta. Ki tambayi hukumar lasisin jiharku.

Gidan tsofaffin nan kuma kada ki raina shi. Akwai likitan da ke zuwa duba su, ko? Gobe ki gaishe shi, ki faɗa masa ke likita ce, ki roƙe shi ya bar ki ki riƙa binsa.