Mai na cinye min riba, in canja injin jirgina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin kamun kifi mai tsawon mita 12, injin dizal ne, raga muke ja. Kwanan nan kusan duk abin da muka kamo a mai yake ƙarewa, wani ya ce inji ne ya tsufa in sayi sabo. Ya kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam ka ɗan dakata da maganar sabon inji tukun, don sau tari matsalar tana hannun mai riƙe da totur ne.

Jirgi irin naka ba ya hawa saman ruwa kamar ƙananan jirage masu gudu, ture ruwa yake yi, kuma yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanke masa. Mai mita 12 iyakarsa wajen not 8 da ɗan wani abu ne, not ɗaya kuwa kilomita 1.85 ne a awa. In ka matso kusa da wannan iyaka, ka leƙa baya ka gani, gindin jirgin zai nutse, hanci ya ɗaga, igiyar ruwa ƙatuwa tana bin ku, inji na ta ihu amma gudun bai ƙaru da komai ba. To wannan igiyar da man ka ake haƙa ta. A ƙiyasi, in ka rage gudu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da inji ke buƙata zai sauka da kusan kashi 27, man da za ka ƙona a tafiyar gaba ɗaya kuma ya ragu da kusan kashi 20. Tafiyar awa 3 da rabi ta koma kusan awa 4, shi kenan abin da ka rasa. Na san matuƙa ba sa son jin haka, kowa so yake ya riga wani isa bakin ruwa, amma sai in gudun zai sa kifi ya yi daraja a kasuwa ne yake biyan kansa.

Sai ƙasan jirgi. Yaushe rabon da ka fito da shi tudu? Gansakuka da ƙananan katantanwar nan da ke mannewa a jiki, shafa hannu ka ji, kamar dutsen goge kaushi, su ma birki ne da ba ka gani. A kankare, a shafa fentin da ke hana su kamawa. Ka duba farfela a lokacin, baki ɗaya in ya lanƙwashe ko igiya ta naɗe a sandarta ya isa ya ja maka asara.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka ko injin ne da laifi. Da lodinka na kullum ka buɗe totur duka na ɗan lokaci ka kalli agogon juyin inji, in bai kai adadin da kamfani ya rubuta ba ga kuma baƙin hayaƙi, to ko farfelar ta yi masa nauyi, ko filtar iska ta toshe, ko nozul na son gyara. Duk aikin bakanike ne, ba su kai kuɗin inji ba ko kusa.

Tunda raga kuke ja, lokacin ja yawancin man ragar ce ke shanye shi, ba jirgin ba. Zare siriri mai ƙarfi irin Dyneema da manyan idanu a bakin raga suna rage nauyin ja sosai, sai dai da tsada, ka bari sai za ka sabunta. Tsoffin raga da ƙarafan da ke jibge a jirgi kuwa yau ma a sauke su.

Kafin ka taɓa komai ka samu littafi, kowace fita a rubuta lita nawa aka sha, nisan da aka yi, gudu nawa, kilo nawa aka kamo. Fita biyar yadda kuka saba, biyar da not ɗaya ƙasa. Ka turo min alƙaluman sai mu ga ko har yanzu akwai maganar inji.