Lambar Strong adireshi ce, ba ma'ana ba

Ɗana, ka ce kana fassara Yunusa 2:5, ka duba kalmar da ke wurin a littafin Strong, lamba H5315, kalmar Ibrananci nefesh, ka tarar da ma'anoni birjik, kana so in faɗa maka wacce ce ta asali don ka riƙa sa ta duk inda kalmar ta fito. Babu irin wannan ma'anar. In ka zaɓi guda ka manna ta ko'ina, ranar duba aiki za a mayar maka da takardunka.

Fara da sanin abin da ke hannunka. James Strong ya fitar da littafinsa a 1890, ya bi kalmomin Littafi Mai Tsarki a juyin Turanci na King James, ya ba kalmomin Ibrananci da Aramaik lambobi 8,674, na Girkanci 5,624. Aikin lambar shi ne ta tara maka ayoyin da kalma ɗaya ta fito. Dogon jerin da ke zuwa bayan ɗigo biyu da layi kuwa ba bayanin ma'ana ba ne, yadda masu juyin 1611 suka fassara kalmar ne a wurare dabam-dabam. Masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe: su ɗauki wadda ta yi musu daɗi a jerin, su kai ta ayar da ba tata ba.

Nefesh ta fito fiye da sau 750 a Tsohon Alkawari. Ba za ka karanta su duka a zama ɗaya ba, amma ka ɗebi talatin ko arba'in daga Attaura da Zabura da annabawa, ka rubuta kowace da jimlarta cikakkiya, ka lura da aikatau da ke tare da ita da kuma wanda ake magana a kansa. Ga abin da za ka gani. A Farawa 2:7 mutum ya zama nefesh mai rai, amma a Farawa 1:24 da wannan lafazin aka kira dabbobi, don haka ba wani abu ba ne da ya raba mutum da dabba. A Firistoci 17:11 nefesh tana cikin jini, wato rai. A Farawa 46:27 gidan Yakubu nefesh saba'in ne, wato mutum saba'in. A Karin Magana 23:2 mai nefesh shi ne mai haɗama. A Littafin Ƙidaya 6:6 kuma gawa ce wadda aka hana keɓaɓɓe ya kusata. Wace kalmar Hausa guda ce za ta ɗauki rai da gawa a lokaci ɗaya? Mu ma haka muke yi da "ci": ci tuwo, ci kasuwa, ci amana, ci jarrabawa, kuma ba Bahaushen da ke ruɗewa, don abin da ya biyo baya shi ke yanke magana.

Ayarka waƙa ce, kuma waƙar Ibrananci tana tafiya da layi biyu ko uku masu amsa juna, saboda haka maƙwabcin layi shi ne shaidarka ta fari. Ruwa ya kewaye Yunusa har nefesh, zurfi ya rufe shi, ciyawar teku ta naɗe kansa. Ana maganar sassan jiki da ruwa ke haurawa. Sai ka nemi mai goyon baya: Zabura 69:1 ta faɗi kusan haka, Ishaya 5:14 kuma ta ce lahira ta faɗaɗa nefesh ɗinta ta wage bakinta, inda nefesh ke amsa baki. Maƙogwaro ke nan. Ka rubuta "ruwa ya kai mini iya wuya". Akwai masu fassara da suka ɗauke ta da ma'anar ruwa ya kusa ɗauke masa rai, kuma hakan bai saɓa wa nassin ba, amma ni wuya na fi so, don hoton nutsewa yana nan kuma mai ji ya san rai ne ke hannun Allah. In ka buɗe Ibranancin ba ka ga ayar ba, duba 2:6, ƙidayarsu ta sha bamban da tamu a wannan sura.

Ka kiyayi "kurwa". Da yawa cikin masu sauraronka da sun ji ta sai maita ta faɗo musu a rai, abin da maye ke kamawa, marubucin kuwa bai nufi haka ba. "Ruhu" kuma ka ajiye shi don ruwah ta Ibrananci da pneuma ta Girkanci, in ba haka ba za ka maƙale a 1 Tasalonikawa 5:23 inda ruhu da rai da jiki suka jeru.

Da aikatau lambar ta fi yaudara, don lamba ɗaya ce ke rufe dukan sigogin kalmar. Aikatau bo a sigar kal, wato sauƙaƙar siga, "shiga" ne ko "zo", a sigar hifil, wato ta sa wani ya yi, "shigar" ko "kawo". Dole ka duba littafin da ke nuna sigar kowace kalma a ayar. Barak ma, wadda kowa ya sani da sa albarka, a Ayuba 2:9 matarsa ta yi amfani da ita ne a sakaye, tana nufin ya zagi Allah.

In ka koma Sabon Alkawari, hanyar ɗaya ce, sai dai ka ƙara duba juyin Girkanci na Tsohon Alkawari da Yahudawan Iskandariya suka fara a ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, don da shi marubutan suka saba. A can yawanci an fassara nefesh da kalmar Girkanci psuke, shi ya sa Ayyukan Manzanni 27:37 ta ƙirga mutanen jirgi psuke 276. Za ka kuma ji a wa'azi cewa a kalmomin ƙauna na Girkanci, agapao ƙaunar Allah ce, fileo ta mutane. Gwada da ayoyi. Yohanna 3:35 ta ce Uba yana ƙaunar Ɗan da agapao, 5:20 ta maimaita da fileo. Dimas, a 2 Timoti 4:10, da agapao ya ƙaunaci duniya ya yashe Bulus. Girman ƙaunar Yohanna 3:16 daga abin da aka bayar yake, ba daga kalmar ba.

Tarkon da ya fi kama mu Hausawa shi ne Larabci. Ibrananci ɗan'uwansa ne, sai kunne ya ji kama ya saki jiki. Wani lokaci a dace, kamar shalom da salama. Amma lehem gurasa ce, laham na Larabci nama. Tsedaka a bakin annabawa adalci ce da aikata gaskiya, daga baya ne Yahudawa suka riƙa kiran kyautar matalauta da ita. In ka sa "sadaka" a Farawa 15:6, inda aka lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa tsedaka, ka juya ayar ta koma kamar ya ba da wani abu ne. Kamannin Larabci ka rubuta shi a gefen takarda a matsayin zato, kada ya shiga fassarar sai ayoyin Ibranancin da kansu sun tabbatar da shi.