Amsa ga mai tambaya kan saka zane, sunaye da makullin launi a taswirar rijiyoyi

Wa alaikumus salam Malam. Tun jiya da dare na ga tambayarka, rashin caji ne ya hana ni amsawa. Ka ce ƙungiyarku ta zagaya unguwannin garin Gombe da waya ta ɗauko lambobin GPS na fanfunan tuƙa-tuƙa da rijiyoyin burtsatse, kana so ka fitar da taswira mai nuna iyakar kowace mazaɓa, da sunan kowace rijiya, da launin da zai raba mai aiki da wadda ta lalace, da makullin launi mai bayyana ma'anar kowane launi, amma duk wadda ka fitar sai ta cakuɗe. Na yi irin wannan aikin a ƙauyukan Akko da Yamaltu/Deba, na kuma sha wuyarsa, bari in faɗa maka inda na yi tuntuɓe.

Da farko ka san wanda zai kalli taswirar da inda zai kalle ta. In a waya za a riƙa buɗe ta, Google My Maps ya ishe ka, sai dai leya 10 (wato rukunin bayanan da ake ɗorawa kan juna, kamar rijiyoyi ko iyakoki) kawai yake bari a taswira ɗaya, kuma ba ya ɗaukar fiye da layi 2,000 daga fayil guda. In kuwa bugawa za ka yi ka kai gaban hakimi ko kwamitin ruwa, ka sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, a kwamfuta. Kyauta ne, kuma da ka sauke shi ba ka bukatar data sai in kana son hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashi.

Ni a ganina cakuɗewar da kake kuka da ita daga teburinka na Excel ta taso. Kada ka bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya kana shafa masa launi da hannu. Ka buɗe shafi guda na tsaye (column) a teburin, ka kira shi "hali", kada ka rubuta komai a ciki sai ɗaya daga kalmomi uku: aiki, lalace, ko kafe. Daga nan ka ce wa QGIS ya raba launi bisa wannan shafin, shi ke nan, gobe in an gyara fanfo kalma ɗaya za ka canza launin ya bi ta. Amma ka kula da hannun masu cika teburin. Wani ya rubuta "Aiki", wani "yana aiki", wani ya bar fili a ƙarshen kalma, kwamfuta kuwa kowanne jinsi dabam take ɗaukarsa, sai ka tarar da launi tara inda kake jiran uku. Haka sunayen wurare: Jekadafari da Jeka da Fari a wurinmu unguwa ɗaya ce, a wurinta biyu ce. Ka zaɓi rubutu ɗaya kowa ya bi.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu 'yan Gombe. Garin yana kusan digiri 10.29 arewa da 11.17 gabas, lambobin biyu kamar 'yan biyu suke. Lokacin shigar da fayil, gurbin X na longitud ne, wato mai farawa da 11, gurbin Y na latitud, mai farawa da 10. Mutumin Legas in ya juya su ɗigonsa nesa suke faɗawa, nan take ya gane. Mu kuwa in mun juya, ɗigon nan kusa suke sauka, wajajen Darazo da Misau a jihar Bauchi, da hanyoyi da ƙauyuka kewaye da su kamar gaske. Na taɓa ɓata rabin yini ina mamakin yadda rijiyar da na tsaya a bakinta a Kumo ta koma tsakiyar gonar wasu, ina ta zargin wayar yaron da ya ɗauko lambar, ashe laifina ne.

Sannan haruffanmu masu lanƙwasa. In za ka adana teburin, ka zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba Daɗin Kowa zai fito da alamar tambaya a tsakiyarsa. Abin da ka zana kuma ka adana shi a tsarin fayil na GeoPackage. Tsohon tsarin Shapefile yana yanke sunan shafi a harafi 10, yana kuma yawan rikita ɗ da ƙ da ɓ. In harafin ya fito kamar ƙaramin akwati, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da shi, ka koma Noto Sans ko Andika.

Batun iyakoki, kada ka wahalar da kanka da zana mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe da hannu, akwai su a bayanan taswira na Najeriya da shirin GRID3 ke sakawa a intanet kyauta, ka sauke ka ɗora. Abin da za ka zana da kanka shi ne wanda babu, kamar bakin kwazazzabon da zaizayar ƙasa ta ci ko filin da ake son haƙa sabuwar rijiya. Ka buɗe sabuwar leya, ka danna alamar fensiri, ka kunna alamar maganaɗisu domin kusurwa ta manne da kusurwa, kada a bar tsaga tsakanin fili da fili. Cikin mazaɓun ka bar shi babu launi, layin gefe siriri mai ruwan toka ya wadatar, tunda rijiyoyin ake son gani. In ka cika Pantami da kore, Bolari da rawaya, Herwagana da ja, ɗigon rijiyoyin sun nutse ke nan.

Kuma don Allah ka rubuta a ƙasan takarda cewa iyakokin na nuni ne kawai. An taɓa tsayar mana da taro kusan awa guda saboda layina ya jefa wata rijiya ɓangaren wani mai unguwa, alhali mutanen ɗaya ɓangaren ne suka yi karo-karo suka haƙa ta. Daga ranar maganar gyaran fanfo ta koma maganar ƙasa, sai da dattawa suka sa baki.

In kana son da'irar mita 500 kewaye da kowace rijiya don a ga gidajen da ruwa ya yi wa nisa, sai ka fara mayar da leyar tsarin da ke awo da mita. Namu shi ne UTM shiyya ta 32 arewa, lambarsa EPSG:32632. In ka bar ta a EPSG:4326, tsarin lambobin GPS, da digiri take awo, digiri ɗaya kuwa kusan kilomita 111 ne, ka ga abin da 500 zai haifar.

Sunaye kuma, ba kowace rijiya ke bukatar cikakken sunanta a fuskar taswira ba. Cikin gari inda suke kusa da juna, ka ba kowacce lamba, 1, 2, 3, ka sa jerin sunayen a gefen takarda ko a shafi na biyu. Sunayen unguwanni su ne za ka rubuta da manyan haruffa domin mutum ya fara gano inda gidansa yake. Ka kunna farar inuwar nan da ake sa wa bayan haruffa, milimita ɗaya ta isa, ita ke sa rubutu ya fito ko a kan hoton tauraron ɗan'adam. In ka ga wani suna ya ɓace, QGIS ne ya ɓoye shi don kada ya hau kan wani, ka rage girman rubutun ko ka ja shi gefe da hannu.

Launi shi ne ya fi kunyata ni. Na yi kore ga mai aiki, ja ga wadda ta lalace, a allon kwamfuta abin gwanin sha'awa. Na buga kwafi ɗaya mai launi, sauran na kai wani shago aka yi min hoto-kwafi baƙi da fari saboda tsada. Da aka raba a taro, wani dattijo ya ɗaga takardar ya matso da ita kusa da ido, ya juya ta, ya ce, "Yaro, to wacce ce ta mutu a nan?" Na karɓa na duba, jan da koren duk sun koma toka iri ɗaya. Tun daga nan ba na dogara da launi shi kaɗai. Mai aiki da'ira ce cikakkiya shuɗiya mai duhu, wadda ta lalace alwatika ce ruwan lemo, wadda ta kafe alamar X baƙa. Ko injin ya cinye launin, siffar tana nan. Ga kuma mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore tun haihuwa, galibi maza, kuma ba lalle su faɗa maka ba. A menu na uku daga hagu a saman QGIS, wato View, akwai inda za ka sa ya nuna maka taswirar a baƙi da fari, ko yadda mai wannan larurar zai gan ta, ka leƙa kafin ka kashe kuɗin bugawa.

Makullin launin a shafin tsara takardar bugawa ake saka shi. Zai kwaso sunayen fayilolinka yadda suke, har da irin su "rijiya_final2", da leyoyin da ba ka son a gani. Ka cire alamar sabuntawa da kansa, ka goge abin da ba ya kan takardar, ka sake rubuta sauran da Hausar da za a gane: "Tana ba da ruwa", "Ta lalace, tana jiran gyara", "Ta kafe". Ka sa ma'aunin nisa da kibiyar arewa, ka kuma rubuta watan da kuka zagaya, domin rijiyar da ke ba da ruwa a Satumba tana iya kafewa kafin Afrilu.

Ka fitar da ita PDF, ka buga gwaji ɗaya a A4 baƙi da fari, ka miƙa wa wani a gida da bai san aikin ba, ka ce ya nuna maka fanfon da ya lalace mafi kusa da ku. In har yanzu ɗigon ba su zauna inda ya kamata ba, ka turo hoton layuka biyar na farko na teburinka tare da kanun shafukan, in duba bayan Isha'i in Allah Ya kai mu.