Me ya sa hotunan da nake ɗauka a waje suke fitowa kamar na fasfo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai wata takwas ina ɗaukar masu tallata kayan sawa a fili, wani lokaci a lambu, wani lokaci a gefen titi. Gilashin 24mm na fi ɗaura wa kyamarata saboda yana kwaso wuri da yawa. Amma in na zauna duba hotunan sai in ga wadda na ɗauka a sandare, hancinta ya ƙara girma, wata ran ma bishiya ta tsiro mata a ka. Wace irin tsayuwa ya kamata in riƙa sa su yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsayuwa ka tambaya, amma cikin matsaloli ukun da ka kawo, biyu babu hannun wadda ake ɗauka a ciki. Hancin da bishiyar duk daga inda kai ka tsaya suka fito.

Mu fara da hancin. Kafin fuska ta cika hoto da gilashin 24mm, dole ka matso har ya zama abin da ke tsakaninku bai fi rabin mita ba. A wannan kusancin hanci ya fi kunne kusa da kyamara sosai, duk abin da ya fi kusa kuwa shi ke fitowa babba. Ja da baya zuwa mita 2 ko 3, sai bambancin ya zama ba a bakin komai ba, fuska ta koma yadda ido ya saba ganinta. Shi ya sa masu ɗaukar fuska suka riƙe gilashin 85mm, mai jawo abu kusa daga nesa. In kyamararka mai ƙaramin sensa ce (ɓangaren da ke karɓar hoto a cikinta), 50mm zai ba ka kusan haka. Na 24mm ɗin kada ka jefar da shi, ajiye shi don hoton da ake son mutum daga sama har ƙasa tare da wurin. Sai dai ka bar kanta kusa da tsakiya, domin gefen wannan gilashi miƙar da abu yake yi.

Bishiya kuma maganinta taku ɗaya ne, hagu ko dama. Ni kafin in kira kowa ya tsaya, wurin nake fara leƙawa a kyamara babu mutum. In bi kusurwa huɗu da ido: falwaya, kwandon shara, mota mai jan fenti, wani farin abu mai ɗaukar ido. Sannan in duba layin da ƙasa ta haɗu da sama, kada ya ratsa mata wuya. In ya ratsa, ko in durƙusa ko in miƙe. Ka kuma raba ta da bango ko ganyen da ke bayanta da kamar mita 3 zuwa 4, ka buɗe ƙofar haske ta gilashin zuwa f/2.8 (ƙanƙantar lambar, faɗin buɗewar), bayan zai yi dishi-dishi ita ta fito. Amma a nan ina da ja da masu buɗewa har f/1.4 a kowane hoto. In ta ɗan karkata, ido ɗaya ya fito ɗayan ya dushe, ɗinkin rigar ma ya ɓace, alhali don rigar aka fito. A hoton tallar kaya f/4 ya fi min kwanciyar hankali.

Wajen tsara hoto, kunna layukan da ke raba allon kyamara gida tara. Ƙa'idar kashi uku ke nan, wadda wani mai zane a Ingila, John Thomas Smith, ya ambata a rubuce tun 1797. Sa idanunta a layin sama, ka bar fili a ɓangaren da take kallo. Ba dole ba ce, in hanya ce miƙaƙƙiya da bishiyoyi dama da hagu, tsakiya ta fi. Wadda ba na sassauci a kanta ita ce yanka: bakin hoto kada ya faɗa a gwiwa, gwiwar hannu, wuyan hannu ko idon sawu. Yanke a tsakiyar cinya, ko ka ɗauko ƙafar duka.

Yanzu sandarewa. Ka fara tambayar kanka ƙarfe nawa kuke fita. Wanda rana ke dukan idonsa da tsakar rana ba zai saki fuska ba, ga inuwa ta cika kwarmin ido. Awa ɗaya bayan fitowar rana ko awa ɗaya kafin faɗuwarta ya fi. Sa ranar a bayanta, wani ya riƙe farin kwali a gabanta ya mayar mata da haske. In dole sai da rana tsaka, ta tsaya a bakin inuwa tana fuskantar sarari.

Jiki kuwa daga ƙafa yake sakewa. Wanda ya raba nauyinsa daidai a ƙafa biyu, soja ne a fareti. Ta ɗora nauyin a ƙafar baya, ta saki gwiwar gaba, nan take ƙugu zai karkata, kafaɗa ta karkata ɗaya gefen. Masu sassaƙa na Girka sun gano wannan wajen shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, haka kuma Michelangelo, mai sassaƙa ɗan Italiya, ya tsayar da sassaƙensa na Dauda da ya kammala a 1504. Ta juya jikin kaɗan daga kyamara, fuskar ta dawo gare ka. Hannu kada ya manne da haƙarƙari, a bar ɗan fili haske ya ratsa, in ba haka ba dantse zai baje. Yatsu a ba su aiki: bakin aljihu, igiyar jaka, gefen riga. Ta turo goshi gaba kaɗan ta sauke haɓa, kamar kunkuru ya leƙo. Za ta ji abin banbarakwai, amma daga gaba layin muƙamuƙi ne ke fitowa.

Duk wannan in ka jero mata shi a numfashi ɗaya, sai ta fi da sandarewa, don tana ƙirga gaɓoɓinta. Abin yi za ka ba ta. A 1933 Martin Munkácsi, ɗan Hangare da ya saba ɗaukar 'yan wasa, ya sa Lucile Brokaw ta yi gudu a bakin teku a Long Island ta Amurka, mujallar Harper's Bazaar ta buga hoton, a zamanin da ake kafe masu tallar kaya a ɗaki kamar gumaka. Kai ma ka ce ta tako daga waccan bishiyar zuwa wurinka, ta waiwayo kamar an kira ta. Sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/500 na daƙiƙa, ka danne maɓalli kyamarar ta ɗauka a jere.

Na taɓa shafe kusan minti ashirin da wata sabuwar shiga, ina cewa “hagu” tana juyawa nata hagun, ina duba allo ina tsuke fuska. Haske nake lissafi, ita kuwa ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Kafaɗunta suka haura har kunne. Da na lura sai na rataye kyamarar, na yi tsayuwar da kaina, ƙugu a karkace, ta fashe da dariya. Tun ranar na daina cewa hagu ko dama, da hannu nake nuni. Ba na taɓa jikin kowa don gyara tsayuwa, a jikina nake nunawa. In kuma na samu hoto ɗaya mai kyau a minti biyar na farko, ina juya mata allon ta gani kafin mu ci gaba.