Shi ya zagi mahaifiyata, ni aka dakatar

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara basira.

Ni ɗalibi ne a wata jami'a a nan Kumasi, ina shekara ta uku, haifaffen Aboabo. Hajiya, an zalunce ni, abin ya tsaya mini a rai, ko barcin kirki ba na yi.

A gasar ƙwallon da ake yi tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, ni ne mai tsaron bayan hol ɗinmu. Tun ina shekarar farko nake buga musu, ban taɓa ganin jan kati ba, kowa shaida ne. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, tun da aka take leda lamba tara ɗinsu yake bi na da baƙar magana. Na yi kamar ban ji ba. Ya kira ni da sunan nan da suke kiran mu, kin san shi, ba sai na rubuta ba. Na haɗiye. Ana shirin bugun kusurwa sai ya matso kusa da kunnena ya ambaci mahaifiyata. Matar da take tashi tun kafin kiran assalatu ta ɗora wake da shinkafa don ta biya mini kuɗin makaranta, ita ya zaga. Hajiya, wane ɗan halak ne zai tsaya? Hannuna ya kai fuskarsa. Ba wani duka ba ne, amma ya zube yana ta birgima. Lafari ya zaro jan kati ya ɗaga mini. Shi kuwa ko harara bai samu ba.

Muka ƙarasa da mutum goma, aka cire mu. Wannan na haƙura. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwamitin ladabtarwa. Sun aiko da takarda wai in bayyana gabansu ranar Laraba, to me zan je in yi wurin mutanen da suka riga suka gama magana? Sai ga hukunci a manne a allon sanarwa: an dakatar da ni daga duk wani wasa na jami'a, sauran wannan shekara da mai zuwa. Mai zuwa kuwa ita ce ta ƙarshe gare ni. Daga wannan gasa ake tsintar waɗanda za su wakilci jami'a a wasannin GUSA, wato gasar jami'o'in Ghana, kuma koci ya riga ya yi mini magana. Duk ya tafi.

Shi fa yana nan yana buga ƙwallonsa. Jiya ma na gan shi yana dariya da abokansa. Shi ya yi zagi, ni aka kora. Ina adalci a nan?

Kawuna ya je ya ga babban ofishin wasanni, aka karɓe shi da mutunci, aka ce za a duba, shiru. Kyaftin ya ce in bar masa komai, shi ma shiru. Da na gaji na rubuta takardar ɗaukaka ƙara da kaina, sai aka dawo mini da ita wai lokaci ya wuce, wai yana cikin dokokin da muka sa wa hannu kafin gasa. Wa ya taɓa karanta wannan abin? Da ba ɗan Zango ba ne ni, da haka za a yi mini?

Yanzu abokaina sun rabu biyu. Wasu sun ce mu tare shi a bakin ƙofar makaranta, wasu sun ce in buga gasar baɗi da katin wani. Ni dai mahaifiyata ya zaga, Hajiya, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Ki ba ni shawara.

Ɗanki daga Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana.

Ba al'adata ba ce in yanke hukunci da jin baki ɗaya, kuma ban ji daga yaron ba, ban ji daga kwamitin ba. Amma daga bakinka kaɗai na samu abin da ya ishe ni. Ka cika takarda da zancen zagi, sai ka wuce magana ɗaya da gudu: an kira ka ranar Laraba ka ƙi zuwa. Nan na tsaya, nan kuma zan daɗe.

Ka ce ba wanda ya ce masa uffan. Wa ya gaya musu ya yi zagin? A kunnenka ya faɗa, lafari bai ji ba. Abin da lafari ya gani shi ya rubuta, wato hannu a fuska, kuma da wannan rahoton kaɗai kwamiti ya zauna. Doka ta 12 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta ce wanda ya kai wa wani hannu a kai ko a fuska da gangan, ba a wurin neman ƙwallo ba, jan kati ne, sai fa in taɓawar ba ta kai ta kawo ba. Ita wannan dokar kuma ta ce zagi da cin mutunci ma jan kati ne. Ashe doka tana tare da kai a rabin maganar, amma kujerar da za ka zauna ka faɗa ka bar ta babu kowa.

A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2006 a Balin, Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji saboda maganar da ya gaya masa kan 'yar'uwarsa. Aka kore shi. Bayan nan, duk da ya riga ya yi ritaya, ya tafi Zurik da ƙafarsa ya zauna gaban kwamitin FIFA ya yi bayani. Aka yanke masa wasa uku, shi ma Materazzi aka yanke masa biyu saboda tsokana. Mai tsokana yana shiga hannu in wanda aka tsokana ya je ya buɗe baki.

Don haka ni ban ga zaluncin kwamitin nan ba. Sun kira ka, sun ba ka rana, sun bi abin da ke rubuce. Yaron da ya zagi mahaifiyarka ba shi da tarbiyya, kuma raina ya ɓaci da na karanta. Rainin da ake yi wa 'yan Zango ma gaskiya ne, mun sha shi tun muna yara. Sai dai a wannan shari'a ba ka ba su damar su raina ka ko su mutunta ka ba.

Bari in juyo gare ku duka, yaranmu na Aboabo da Asawase da Sawaba, har da na Nima da Mamobi. Ciwonmu ke nan: takarda ta zo mu ajiye ta mu tafi neman babba. A gida dattijo yana kashe wuta da baki, a jami'a kuwa abin da aka rubuta, da ranar da aka rubuta shi, su ake dubawa. Wa'adin ɗaukaka ƙara a irin waɗannan gasa gajere ne ƙwarai, domin wasa na gaba ba ya jira. Ɗalibin jami'a ya sa hannu a abin da bai karanta ba, sannan ya tambaye ni wa ke karantawa! Iyaye ma ina da magana da ku: in yaro ya zo ya ce a je a roƙar masa, ku fara tambayarsa ina takardar da aka ba shi.

Yanzu ga abin da ya saura. Ka manta da jan katin da sakamakon wasan, Doka ta 5 ta ce hukuncin lafari kan abin da ya faru a fili ya zauna. Abin da za ka nema shi ne a rage tsawon dakatarwar, domin shekara da ɗoriya kan laifin farko ya yi nauyi, a ganina. Ka nemo dokokin gasar ka karanta tun daga farko har ƙarshe, ka ga mafi ƙarancin hukuncin wannan laifi da mafi yawansa, da kuma wanda ke sama da kwamitin. Ka rubuta wa shugaban harkokin ɗalibai ta hannun malamin da ke kula da hol ɗinku. Ka faɗi cewa hannunka ya kai fuskar yaron, kada ka ce ba wani duka ba ne. Ka rubuta kalmomin da ya faɗa yadda suke, ka haɗa da sunayen waɗanda suka ji ya kira ka da sunan nan, in akwai cikin 'yan hol ɗinsu ya fi ƙarfi. Ka nemi a ba ka zama. Ƙorafinka a kansa kuma ka rubuta shi daban, domin cin mutuncin ƙabila laifi ne mai zaman kansa. Shugabannin GMSA, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, da wakilan ɗalibai za su iya raka ka, amma kai za ka yi magana.

Maganar tare shi a ƙofa kuwa, daga dakatarwar ƙwallo za ta kai ka ga kora daga makaranta da ofishin 'yan sanda. Katin wani kuma zai ja a ƙwace wa hol ɗinku maki, a haɗa da mai katin a hukunci. Masu ba ka waɗannan shawarwari ba su ke biyan kuɗin makarantarka ba.

Ka ajiye kwafin duk takardar da ka miƙa, ka sa a buga mata hatimi da kwanan wata a ofishin da ka kai ta. In sun sa maka rana, ka riga su isa.